Yaya ɗakin gwaji ke sanin abin da saniya za ta narkar a ciyawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da littafin wata ƙungiyar masu kiwon turke da nono a gefen Garwa ta Kamaru. Bara da kaka muka yanki gamba muka yi ingirici, sai na ɗebi kaɗan daga tari ɗaya na raba biyu, na aika wa ɗakunan gwaji biyu. Takarda ɗaya ta dawo tana cewa kashi 49 cikin ɗari ne ke narkewa, ɗayar ta ce 61. Ciyawa ɗaya ce, rana ɗaya aka yanke ta. Wa ya yi kuskure a cikinsu? Kuma wai ta yaya ma ake sanin abin da saniya za ta narkar alhali ba a ba ta ta ci ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka. Tambayoyi biyu ka haɗa, wa ya yi kuskure da kuma yadda ake samo lambar, kuma ta biyun ce za ta warware ta farkon. In ka ga yadda ake aikin, za ka ga mai yiwuwa ne ƙwarai dukkan ɗakunan sun yi daidai, abin da kowanne ya auna ne ya sha bamban. Bari mu faro daga kan dabbar.

Lissafin narkewa ba shi da wuya. A auna abin da dabba ta ci, a cire abin da ta kasayar, ragowar shi ne ya narke ya shiga jiki. Sai an busar da ciyawar da kashin kafin a ɗora su a sikeli, don ruwan da ke cikinsu ba ya cikin lissafi. Idan rago ya ci giram 1000 na busasshiyar ciyawa a yini, kashinsa bayan an busar ya zo giram 450, to kashi 55 cikin ɗari ya narke. Asalin ma'aunin ke nan, kuma har yau da shi ake gwada ingancin duk wata dabarar ɗakin gwaji. Ana samun raguna kamar huɗu zuwa shida, a sa kowanne a kejinsa inda kashi ke zuba gefe guda fitsari gefe guda, ko a ɗaura masa jaka a baya. A yi wajen mako biyu ana ba su ciyawar har cikinsu ya saba, sannan a yi kwana bakwai zuwa goma ana auna abin da aka zuba musu, da wanda suka bari, da kashin da suka yi. Ka ga ciyawa ɗaya tak ta ci maka kusan wata guda da buhuna masu yawa. Mai son gwada ciyawa hamsin daga makiyaya daban-daban, na damina da na rani, ba zai iya ba. Wannan ne ya tura masana neman gajeriyar hanya.

Gajeriyar hanyar ta samu ne saboda ba saniya ce da kanta ke farfasa zaren ciyawa ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbinta, su ke ruɓar da ciyawar, ita kuma ta rayu da abin da suka fitar, daga baya ma ta narkar da su kansu a gaba cikin hanji. Abin da suke bukata sananne ne: zafi na kusan digiri 39, wurin da iska ba ta shiga, da miyau mai yawa da saniya ke haɗiya lokacin tuƙa, wanda ke ɗauke da gishiri irin na kanwa yana kashe tsamin tumbi. Duk wanda ya iya haɗa waɗannan a cikin kwalba ya kwaikwayi cikin saniya gwargwado.

Awon sinadari

Kafin a kai ga kwalba, an daɗe ana kintace daga abin da ke cikin ciyawar. Tsarin Weende, wanda Henneberg da Stohmann suka fito da shi a Jamus wajajen 1860, yana raba abincin dabba zuwa ruwa, toka, mai, furotin, zare da sauran abin da ya rage. Furotin ɗin da hanyar Kjeldahl ta 1883 ake samo shi: a auna naitirojin, a ninka da 6.25. A takardun Faransanci shi ne za ka ga an rubuta MAT. Wannan ɓangaren har gobe yana da amfani. Inda tsarin ya gaza shi ne wajen zare, domin tafasawar da ake yi da asid da kuma sinadarin soda tana narkar da wani kaso na liginin, wato sinadarin da ke mai da kara ya zama itace, sai a ƙirga shi cikin abin da ke narkewa alhali shi ne babban mai hana narkewa.

Peter Van Soest a Amurka ya gyara wannan a shekarun 1960 da wankin sabulu iri biyu. Na farko yana barin dukkan bangon ƙwayar tsiro, shi ne NDF, kuma yana nuna yadda ciyawa za ta cika ciki ta hana dabba ƙara ci. Na biyu, mai asid, yana barin selulos, wato babban sinadarin zaren tsiro, da liginin, shi ne ADF, wanda ya fi alaƙa da narkewa. Daga nan sai a sa lambar ADF cikin wani lissafi ta ba da kintacen narkewa. Ni dai ba na sakin jiki da irin wannan kintace a kan ciyawarmu, domin yawancin lissafan a kan ciyawar ƙasashen sanyi aka gina su. Gamba, kyasuwa, harkiya da burugu ciyawar zafi ce, mai kaurin bango da saurin tsufa. Minson da McLeod sun nuna a 1970 cewa a matsakaici narkewar ciyawar ƙasashen zafi tana ƙasa da ta ƙasashen sanyi da kusan maki 13. In ɗaya daga cikin ɗakunan naka haka ya yi, to bai auna narkewa ba sam, lissafi ya buga.

Tumbi a cikin kwalba

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta Tilley da Terry, waɗanda suka wallafa ta a 1963 daga cibiyar binciken ciyawa ta Hurley a Ingila. Ana niƙa busasshiyar ciyawa ta wuce rariya mai ido milimita 1, a auna rabin giram a zuba a kwalba, a ƙara mililita 40 na miyaun da aka haɗa da hannu bisa tsarin McDougall na 1948, da mililita 10 na ruwan tumbi. A busa iskar kabon a kori iskar da ke ciki, a toshe da murfin da ke barin gas ya fita amma ba ya barin iska ta shiga, a ajiye a zafin digiri 39 na awa 48 ana ɗan girgizawa. Mataki na biyu kwaikwayon cikin gaba ne, inda ake narkar da furotin: asid da fefsin, wato sinadarin ciki mai narkar da furotin, shi ma awa 48. Abin da ya rage a tace, a busar, a auna. Wanda ya ɓace shi ne ya narke.

A takarda ke nan. A aikace, ruwan tumbin ne ke sa mutum gumi. Cibiyoyi masu hali suna ajiye sa ko rago da aka yi wa tiyata aka buɗe ƙofa a kwiɓinsa na hagu aka sa murfin roba, dabbar na ci tana tuƙa lafiya lau, kodayake makiyayin da ya fara ganinta sai ya yi salati. Mu da ba mu da irinta, mayanka muke zuwa tun asuba. Ana cika fulas da ruwan ɗumi tun daga gida, sai an farke tumbi a zubar da ruwan a ɗura abin ciki da zafinsa, a cika har baki don kada iska ta samu wuri, a kama hanya ba tsayawa gaisuwa. A ɗakin gwaji a tace da ƙyalle ninki huɗu ana busa iskar kabon. Ruwa mai rai launinsa kore ne mai duhu, warinsa mai kaifi amma ba na ruɓa ba, in ka ɗiga a madubin ƙara girma za ka ga halittun suna ta ninƙaya. In ka ga sun kwanta, sanyi ko iska ta taɓa su, kada ka ɓata ciyawarka. Warin kuwa sai ya kwana biyu a hannu ko da wane sabulu aka wanke.

Matsalar ruwan mayanka ita ce ba ka san abin da dabbar ta ci ba. Bijimin da aka koro daga kasuwa ya kwana biyu bai ga ciyawa ba, halittun tumbinsa sun ragu sun yi rauni. Wanda aka turke ana ba shi dusa kuwa nasa sun saba da gari, ba da kara ba. Shi ya sa nake haɗa na dabbobi uku ko fiye, kuma kowane zagaye dole a sa kwalaben da ba ciyawa a cikinsu don a cire abin da ruwan ya zo da shi, da wasu masu ɗauke da ciyawar da an riga an san narkewarta a jikin raguna. Wannan ciyawar ma'auni ita ce ke gaya maka ko ruwan yau mai ƙarfi ne ko rarrauna, da ita ake daidaita sauran. Ɗakin gwajin da ba ya sa ta, lambarsa ta yau ba za ta kwatantu da ta makon gobe ba. Ga kuma ɗauke wuta. In tukunyar ruwan ɗumi ta huce cikin dare, zagayen ya tashi a banza. A Garwa cikin Maris da Afrilu abin juyawa yake yi, zafin gari kan haura digiri 40, sai ka koma neman yadda za ka sanyaya ɗakin don ruwan ya tsaya a 39.

Yanzu ga inda na fi zargi game da lambobinka. Kashin dabba ba ragowar ciyawa kaɗai ba ne. Akwai gawar ƙananan halittun nan a ciki, da abin da hanji ke saɓulewa. Saboda haka lissafin raguna yana rage wa ciyawa daraja kaɗan, ana kiransa narkewa ta zahiri, kuma ita ce hanyar Tilley da Terry ke kusanta. A 1970 Goering da Van Soest suka sauya mataki na biyu, maimakon fefsin sai a wanke ragowar da sabulun NDF, wanda ke kwashe gawar halittun duka ya bar zaren da bai narke ba tsantsa. Wannan ana kiranta narkewa ta haƙiƙa, kuma ita ce ɗakunan da ke amfani da injin Daisy na kamfanin Ankom suka fi rubutawa. Tazarar da ke tsakanin biyun takan kai maki 11 zuwa 13. Naka 61 a cire 49, saura 12. Duba takardun da kyau: in ta 61 ɗin ta ambaci narkewa ta haƙiƙa ko IVTD, to magana ɗaya suka faɗa maka, kuma 49 ce ta fi kusa da abin da za ka gani in ka auna kashin shanunka. Duba kuma ko ɗaya ta rubuta dMS ɗayar dMO. Ta farko a kan dukkan busasshen nauyi ce har da toka da ƙasa, ta biyu bayan an cire toka.

Sauran hanyoyin

Gwajin gas na Hohenheim, wanda Menke da abokan aikinsa suka fito da shi a Jamus a 1979, shi na fi so ga wurin da ba kayan aiki sosai. Miligiram 200 na ciyawa ake zubawa a sirinjin gilashi mai cin mililita 100, a shafa wa sandar bazalin, a zuƙi mililita 30 na ruwan tumbi da aka haɗa da miyaun gwaji. Yayin da halittun ke aiki, gas na tura sandar waje, kai kuma kana karanta lamba a jikin gilashin. Gas ɗin awa 24, haɗe da awon furotin da toka, ake sawa a lissafi a fitar da narkewa da ƙarfin abincin. Daɗinsa kana ganin saurin narkewar da idonka: harawar wake ta tura sandar tun awannin farko, tsohuwar gamba sai ta yi kamar ba za ta motsa ba. Sai dai furotin da mai ba sa ba da gas da yawa, don haka ƙulin angurya zai yi kamar ba shi da kirki in gas kaɗai aka duba. Tudu ma yana taɓa shi. Ngaundere ta haura mita 1000 bisa teku, Garwa ba ta kai 300 ba, gas ɗaya zai fi kumbura a can sama. Nan ma ciyawar ma'auni ce ke gyara lissafin.

Wannan gwajin ne kuma ya fi dacewa da ganyen itatuwa da makiyaya ke sassaɓo wa shanu da rani. Wasu na ɗauke da tanin, sinadarin baurin nan da ke ɗaure furotin. A hanyoyin da ke auna ragowa, tanin na iya narkewa a ruwa ya wuce ta matata, a ƙirga shi cikin abincin da ya narke. Da sirinji sai a yi biyu, ɗaya a sa masa sinadarin PEG mai kama tanin, bambancin gas ɗin ya nuna girman illar.

Akwai hanyar jakar nailan, wadda Ørskov da McDonald na cibiyar Rowett a Aberdeen suka tsara lissafinta a 1979. Ana ɗinke ciyawa a ƙananan jakunkuna masu ido kamar maikiron 40 zuwa 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), a zura su cikin tumbin dabba mai ƙofa, a riƙa ciro su a lokuta daban-daban har awa 72 ko 96. Tana nuna kason da ke narkewa nan take, da wanda ke narkewa a hankali, da saurinsa. Hanya ce mai kyau ga mai dabbar tiyata, ba ta ƙungiya irin taku ba.

Ɗakunan da suka gaji tsarin Faransa sun fi bin hanyar fefsin da selulas, wadda Jones da Hayward suka yi a 1975, Aufrère ta INRA, cibiyar binciken noma ta Faransa, ta fitar da nata tsarin a 1982. Nan ba ruwanka da mayanka. Garin sinadarin narkar da selulos ake saya, wanda ake samu daga wata funfuna mai suna Trichoderma, shi ya sa sakamakon ke maimaituwa sosai. Amma garin bai kai halittu masu rai iya cin zare ba, saboda haka ɗanyar lambar ba ita ce narkewa ba sai an bi da ita ta lissafin da aka gina da raguna, kuma a tabbata lissafin na ciyawar zafi ne. Wannan ma wata ƙofa ce da 49 da 61 za su iya fitowa, in wani ya ba ka ɗanyar lamba wani ya ba ka gyararriya. Ta ƙarshe ita ce na'urar haske ta NIRS, da Norris ya fara gwadawa a kan ciyawa a 1976: a haska garin ciyawa, cikin minti ɗaya ko biyu ta fitar da furotin, zare da narkewa. Abin da aka koya mata da sakamakon waɗancan hanyoyin kawai take maimaitawa. In ba ta taɓa ganin gamba ko karan masakwa ba, za ta ba da lamba dai, ba ta jin kunya.

Ciyawar da ka aika

A ganina, ɓarnar da ake yi kafin ciyawa ta isa ɗakin gwaji ta fi wadda ake yi a cikinsa. Ka ce ka ɗebo daga tari ɗaya ka raba biyu. In da hannu ka raba, ba wuya rabi ya fi ganye rabi ya fi kara, alhali a tsohuwar gamba ganye da kara kamar abinci biyu ne daban. Rabin giram fa za a gwada a madadin tari guda. Daidai shi ne a ɗebo daga wurare da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a daddatsa, a cakuɗa, a niƙa, sannan a raba garin. Ɗanyar ciyawa kada a ɗaure ta a leda ta kwana tana zufa. Jakar takarda ko ta yadi, a shanya a inuwa, a ɗakin gwaji a busar a kusan digiri 60. Zafin da ya wuce haka yana ƙona sukari da furotin su haɗe su yi kamar liginin, narkewa ta faɗi. Ƙasa da ƙurar hunturu suna ƙara toka, bambaron shinkafa irin na Lagdo da Yagwa kuma dama yashin silika a jikinsa yake, don haka a yankinmu ka nemi dMO.

Ga ciyawar makiyaya akwai ƙarin abu. Lauje yana yanke komai daga gindi, saniya kuwa tsinke take yi, ta ɗauki ganye da toho ta bar kara. Mai son sanin abin da garke ke ci sai ya bi shanun yana tsinkar irin abin da harshensu ke naɗowa.

Ko an yi komai daidai, kwalba ba ta gaya maka nawa dabba za ta ci, kuma tana yi wa ciyawar rani gata. An niƙa mata ita, an ba ta awa 48 cur, ruwan tumbin da miyaun gwajin sun zo da naitirojin nasu. A cikin saniyar da ba ta cin komai sai busasshiyar gamba ba haka ba ne. Da zarar furotin ya sauka ƙasa da kusan kashi 7 cikin ɗari, halittun tumbi sun shiga yunwa, narkewa ta yi jinkiri, ciki ya cushe, ci ya ragu. Ciyawar da ta bushe a tsaye kuwa takan sauka har kashi 3 ko ƙasa. Saboda haka amfanin lambar gwaji ya fi ƙarfi wajen jera ciyawa, wace ta fi wace, yankan wane wata ya fi, matuƙar ɗaki ɗaya ne, hanya ɗaya, zagaye ɗaya.

Abin da zan ba ku shawara, ku koma wa kowane ɗaki da tambaya uku: wace hanya kuka bi, lambar ta zahiri ce ko ta haƙiƙa kuma a kan wane nauyi, sannan wace ciyawar ma'auni kuka sa. Daga nan ku zaɓi ɗaya ku zauna da shi. In kuna son wanda zai zauna da ku ya karanta takardun, masu binciken kiwo na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Wakwa kusa da Ngaundere sun daɗe a kan ciyawar yankin nan, 'yan'uwanmu na Cadi kuma suna da cibiyar binciken dabbobi ta Farcha a Injamena. Kafin nan, ka duba layin MAT a takardun biyu, domin shi ne zai ce nawa ƙulin angurya ko harawa za ku haɗa wa shanun nono. In 49 ta tabbata, ingiricin na riƙe rai ne, ba na ƙiba ko nono ba sai da ƙari. Gambar da aka bari ta fitar da kai har ta yi fure ta riga ta zama kara. Bana ku yanki wani sashe tun kafin ta yi kai, a ɗan tsakanin da ruwa ke ɗagawa ƙarshen damina, wani sashe kuma a lokacin da kuka saba, ku aika duka biyun ɗaki ɗaya su shiga zagaye ɗaya.